Ranar da Na Tsayar da Gawar Inna a Bakin Zalat

Na san abin da kuka ji. Kun ji shi tun kuna ƙanana, a bakin tur'a, magudanar ruwan gonaki, wurin ɗiban ruwa da kan hanyar makaranta, kuma ba wanda ya taɓa zuwa ya tambaye ni a cikinku, ko don kunya ko don tausayi. An ce ni na ajiye gawar uwata a ƙasa, a bakin titi, rana tsaka, saboda tsoron fitilar titi. Ke Aminatu har kin taɓa dawowa gida da yagaggen mayafi don wata ta kira ki 'yar Istob, sunan da aka laƙaba mini saboda fitilar. Uwarki ta ɗinke shi, ni kuma na yi kamar ban gani ba. Yanzu idona ya fara gajiya, ku kuma kun watse, wani a Khartum wani a ƙetaren teku, Larabci ya fi zauna muku a baki. Duk da haka da Hausa zan rubuta wannan, don da Hausa aka yi mini faɗan. Abu na farko da nake so ku riƙe shi ne, angarib ɗin da aka ɗauki Inna a kai, gadon igiyarta da ta yi shekaru tana kwana a kansa, bai taɓa ƙasa ba. Sauran zan faɗe shi yadda ya faru, ku auna da kanku.

Kakanninmu da suka zo daga yamma suka sauka kusa da Sinnar sun kafa gari a gefen kogi, suka kai maƙabarta can kan tudu inda ruwa ba ya kaiwa. Tsakanin gari da maƙabarta ba komai sai siririyar hanya a cikin dawa. Daga baya zalat ya zo, titin kwalta mai tahowa daga Madani, ya yanke hanyar biyu. Da birni ya yi ta matsowa har ya kusa haɗiye mu, sai aka fito da wani titin daga kasuwa, ya gitta na farkon daidai inda muke tsallakawa. Nan mararraba ta samu, nan kuma na kafa rumfata ƙarƙashin darbejiya ina facin tayar keke da ta karo, wato amalanken jaki, tun da hawashar ubanmu, gonar ban-ruwan da muka gada, tana hannun yayana Usmanu, shi ne babba kuma shi ya fi ni ƙarfin noma. A wancan lokaci mutanen gari sun tara ƙasa sun yi tudu-tudu a kan titin ta kowane gefe. Direbobi suna zaginmu da Larabci amma suna rage gudu, suna kallon mutane. In aka fito da gawa kuwa, lori ko na wane ne tsayawa yake yi, direba ya sauko ya sa kafaɗa ya yi taku kaɗan, ya koma motarsa. Ku kun san al'adarmu. Daga ƙofar gida har bakin kabari ba a tsayawa da mamaci. Da sauri ake tafiya ana hailala, wannan ya karɓi wancan ba tare da ƙafa ta tsaya ba, kuma tsayar da gawa a hanya abin kunya ne ga danginta, kamar an ce ba a san inda za a kai ta ba.

Ni kuwa haka Allah ya yi ni, da fargaba. Nakan rufe ƙofa in koma in taɓa ta, nakan yi alwala in yi shakkar ko na wanke gwiwar hannu in sake. In na yi wa mutum faci ya tafi, sai in yi ta tunanin ko zai sace masa a tsakiyar daji. Inna tana yi mini dariya tun ina yaro.

"Kai Hamidu," takan ce, "ko Aljanna anka ba ka, sai ka ɗaga kai ka tambayi ko rufin na yoyo."

A shekarar da nake ba ku labari aka kafa istob, fitilar ba motoci hannu. Mutane sun yi murna, aka ce mu ma mun zama birni. Ranar da aka kunna ta, yara da manya suka tsaya suna kallon yadda take juyawa daga ja zuwa kore. Kafin mako ya zagayo aka kawo mota ta kankare tudun ƙasarmu, aka ce ba sauran amfaninsu. Ni da nake zaune gabanta daga safe zuwa magariba, tun kwanakin farko na hango haɗarinta. Turakun fitilar duka motoci suke kallo, ba ko ɗaya da ke fuskantar mai tafiya da ƙafa. In kana so ka san wa aka ba hannu, sai ka leƙa ta gefe kamar mai satar kallo. In ta tsayar da babban titi, a take ta saki na kasuwa, raksha masu ƙafa uku da boksi, wato a-kori-kura, su yi ta karyowa ta inda kake takawa. Wannan da sauƙi, don a hankali suke tahowa kuma suna ganinka. Abin da ya hana ni sukuni shi ne ɓangaren Madani. Can titin yana lanƙwasa a kan gadar tur'a, ga ƙaya ta yi duhu a gefe, wanda ke tsaye a mararraba ba ya ganin abin da ke bayan kwanar. Shi kuwa direba, da yake turken dogo ne, tun daga gada yake hango kore ta saman itatuwa, sai ya ƙara wuta don ya same ta kafin ta juya. Da can idonsa a kan mutane yake. Yanzu idonsa ya koma sama.

Lokacin tsintar auduga, wata rana da hantsi duk mazan gari suna gona, wani baƙo ya zo rumfata da ƙunshin kayansa a kafaɗa. Ɗan ci-rani ne, ya sha ruwa a randata, ya tambaye ni inda ake neman ma'aikata, na nuna masa ƙetaren titi. Ya yi godiya, ya tsaya a bakin zalat ya duba dama ya duba hagu kamar yadda kowane mai hankali zai yi, ya ga hanya fayau, ya shiga. Ban ɗago daga tayar da ke hannuna ba sai da na ji ƙarar birki. Lori ne da buhunan albasa. Bai tsaya ba sai can gaba da nisa. Ni na rufe mutumin da tabarmar sallata. Direban ya dawo da gudu, babban mutum da furfura, ya zauna a ƙasa ya ɗora hannu a ka, yana ta maimaita magana ɗaya da Larabci, yana kallona kamar ni ne alƙali.

"Wallahi kore ce. Ya Hajj, kai ka gani, kore ce."

Kuma gaskiya ya faɗa, kore ce. Na ba da labari a masallaci, aka ce Allah ya jiƙan baƙo, kwanansa ne ya ƙare. Na saka jallabiyata mai kyau na tafi ofishin hukumar gari. Wani mutum mai kirki ya zaunar da ni ya sa aka kawo mini shayi, ya saurare ni har na gama, ya ce za a duba. Ban ga laifinsa ba, ina jin ba shi ya dasa turakun ba. Na dawo rumfata na ci gaba da faci, amma daga ranar duk tsohuwar da ta doshi titi sai in ajiye aiki in kama mata hannu, har masu shayin tasha suka fara ce mini askarin da ba ya da albashi.

A cikin wannan halin ciwon Inna ya tsananta. Gidanmu da na Yaya Usmanu gida ɗaya ne a lokacin, katanga ce a tsakani da ƙofa a buɗe, Inna tana ɗakinta a wajensa. Wata rana bayan la'asar muna zaune a bakin ɗakin, muna zaton barci take yi, na sassauta murya na ce wa Yaya in ta Allah ta kasance, mu nemi boksi mu ɗauke ta, kamar yadda mutanen birni ke yi. Ya juyo ya dube ni tun daga rawani har takalmi.

"Boksi? Inna buhun albasa ce?"

"Yaya, titin nan ba yadda ka san shi yake ba."

"Titin nan munka tsallaka da Baba. Mi ya canza, mutuwa ko mutane?"

Sai muka ji muryarta daga ciki, a raunane amma da dariya a cikinta.

"Hamidu, ban mutu ba tukuna har ka kama mini mota? Ubanku a kafaɗa ya tahi. Ni ma ku kai ni a kafaɗa, in ban yi muku nauyi ba."

Yaya ya yi dariya har da buga cinya. Ni ma na yi, don ba yadda zan yi. Magana ta mutu a nan.

Ta cika bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi an gama mata sutura. Ni da Yaya muka ɗauki ƙafafun gaba na angarib daga ƙofar gida, aka karɓe mu kafin mu fita lungu, kamar yadda aka saba. Gari kaf ya fito, har da mutanen ƙauyukan kusa. Ina cikin jama'a ina hailala da baki, amma idona yana can kan turken fitila da nake hangowa ta saman rawuna. Ba zan ɓoye muku ba, da gangan na kutsa na koma gaba da muka kusa titi, na karɓi ƙafar dama. Yaya ma ya dawo ya karɓi ta hagu, ina jin shi don ya tsallaka da uwarsa da kansa ne. Kan Inna yana daidai kunnena. Saura kaɗan mu taka kwalta, fitilar babban titi ta juya kore. Sai na kafe ƙafafuna.

Wanda bai taɓa ɗaukar makara ba ba zai gane abin da hakan ke yi ba. Mutum ɗaya ya tsaya, saura suna tafiya, gadon ya juya a kaina kamar ƙyaure. Na baya suka yi karo da na gaba, hailala ta tsinke a tsakiya, mayafin da aka lulluɓa ya ɗan zame, na ji nauyin Inna ya gangaro wajena. Na tallafe da kai da kafaɗa har gadon ya daidaita.

"Hamidu, tahi!" in ji Yaya.

"Kore ce, Yaya."

"Mi ak kore?"

"Fitila. Mu dakata ta yi ja."

"Ka haukace? Saki a karɓe ka!"

Wani maƙwabcinmu ya sa kafaɗa ƙarƙashin gadon don ya karɓe ni. Na rungume ƙafar angarib da hannu biyu na ƙi saki. Ba wanda zai yi kokawa a kan gawa, don haka aka tsaya. Jama'ar gari guda, a cikin rana, da uwata a kafaɗa, muka yi cirko-cirko gaban titi. Ina kasa kunne wajen gada, ina jiran ƙarar lori, har ina jin ta a cikin kaina. Ga abin da ya wuce, kuma ba zan ƙara ko in rage ba. Raksha ɗaya ta zo, mai ita da ya gan mu ya tsaya da kansa ya ɗaga ɗan yatsa yana shahada. Sai karon jaki da ciyawa, shi ma ya ja linzami. Shi ke nan. Titi fayau, kwalta tana ƙyalli, masu shayi sun miƙe tsaye suna kallonmu. Ban san tsawon lokacin ba. Waɗansu sun ce rabin sa'a, wannan ƙarya ce, fitila ba ta daɗewa haka. Amma ni ma a jikina na ji kamar yini guda.

Da ta yi ja muka tsallaka. A nan abin ya ƙara lalacewa, don tsayawar ta sa jama'a sun cunkushe sun rasa tsari, fitila kuma ta saki titin kasuwa. Raksha suka shigo tsakaninmu suna busa, aka yanke mu biyu. Tsofaffi suka rage a baya, har da Liman wanda zai yi mata salla, ga shi da ciwon gwiwa. Dole muka rage sauri a ƙetare muna jan ƙafa har suka iso. A bakin kabari, da aka zo saukar da ita, na tattare jallabiya zan shiga tare da Yaya kamar yadda 'ya'ya ke yi. Ya ɗora tafin hannunsa a ƙirjina, bai ɗaga murya ba.

"Kai tsaya nan. Ai ka iya tsayawa."

Ya kira babban ɗansa Bashiru, shi ya shiga a maimakona.

A zaman makoki ina gefen tabarma. Masu zuwa gaisuwa su ɗaga hannu su yi Fatiha da Yaya, su daɗe suna riƙe da kafaɗarsa, in sun iso kaina su taɓa hannuna su wuce. Kafin a tashi daga makokin labari ya riga ya kai ƙauyukan da ke wajen garin Hajj Abdalla, kuma a hanya ya yi ƙiba, har ya zama na sauke gadon a ƙasa na zauna. Uwarku Hauwa'u ta tare mata a cikin gida, na ji ta ta katanga tana ce wa wata wanda bai ga jini a kwalta ba ya yi shiru. Amma da muka kaɗaita ta miƙo mini shayi, ta tambaye ni a hankali.

"Malam, mota ta zo?"

"Ba ta zo ba."

"To," ta ce. Ba ta sake tambayata ba har ta bar duniya.

Da ƙaramar salla ta zo Liman ya kira mu don ya shirya mu. Ina so ku ji hujjar baffanku yadda ya faɗe ta, don ba mahaukaci ba ne, kuma yana son uwarsa. Ya ce jama'a ita ce jar fitila tun kafin a ƙirƙiro fitila. Ya ce da mun shiga titi gaba ɗaya kamar bango, duk direban da uwa ta haifa zai taka birki, kuma tsayawata ce ta raba mu har ta bar tsofaffi a tsakiyar raksha, wato ni na jawo haɗarin da nake gudu. Na yi shekaru ina juya wannan magana, ina faci ina juya ta, kuma har yau ban iya cewa ƙarya ce ba. Na ce masa ya yafe mini ɓacin ran da na sa shi a ranar da ya fi kowace rana nauyi. Liman ya yi murmushi yana ganin an gama. Sai Yaya ya ce shi tambaya ɗaya gare shi.

"In anka sake, gobe, da gawata, za ka tsaya?"

Liman yana ƙyafta mini ido. Kalma ɗaya ake nema a wurina, kuma kowa a ɗakin ya san ba sai na cika ta ba. Amma muna cikin masallaci, ni kuwa mutum ne da ke sake alwala saboda shakkar gwiwar hannu.

"Zan tsaya, Yaya."

Ya miƙe ya ɗauki takalmansa. Kafin damina ya sa aka toshe ƙofar da ke tsakaninmu da tubali.

Ba wanda ya kore ni daga gari, ba wanda ya daina amsa sallamata. Abin a hankali yake. Da azumi, in an shimfiɗa tabarmi a lungu maza sun fito da tire-tire don buɗa baki tare, ina zama a ƙarshen layi, Yaya a ɗaya ƙarshen, abincin gidansa ba ya isowa wajena, nawa ba ya isa wajensa. Ina jin tarinsa ta katanga kowace safiya, na san ranar da mura ta kama shi da ranar da ya warke, ban da ikon cewa sannu. In an yi rasuwa na bi jama'a, duk lokacin da na matso zan sa kafaɗa sai wani ya riga ni, da ladabi, ba tare da ya dube ni ba. Kafaɗu su haɗe kamar an rufe ƙofa. Na koma tafiya a wutsiyar jama'a tare da masu sanda. Kowace tsallakawa ina kasa kunne wajen gada, su kuwa su ratsa ko ja ko kore, Allah yana kiyayewa, kowace kiyayewa kuma ƙarin shaida ce a kaina. Mutumin da ya yi shekaru yana samun ladan ɗaukar mamata aka wayi gari ba ya samu, wannan ya fi sunan Istob yi mini ciwo.

Haka muka tsufa, ni da shi, katanga a tsakani. Ranar da ya rasu, Bashiru ya zagayo ta waje ya same ni a ƙofar gida. Yaron kirki ne, kansa a ƙasa, yana haɗa Hausa da Larabci don nauyin abin da zai faɗa.

"Baffa, ma'alesh, ka yi haƙuri. Baba ya bar wasiyya. Ya ce ka zo, ka yi salla, amma kada ka taɓa angarib."

Na ce masa na ji, Allah ya jiƙan Yaya. Na shiga na zauna, na rasa inda zan sa kaina. Ba zan ɗauka ba, kuma ba zan iya bin bayansu ina kallo su shiga titin da shi ba. Ana cikin yi masa sutura na tsinci kaina na fita, na wuce rumfata, na bi gefen zalat har gadar tur'a. Daga kan gadar, da yake tana da tudu, ana hango fararen rawuna in sun fito daga gari, su kuwa ba mai waiwayowa nan. Da na ga sun doso, na kwance rawanina na shiga tsakiyar titi ina kaɗa shi da hannu biyu. Motar farko tanka ce ta mai, ta yi ta kukan birki har na ji zafin injinta a fuskata. Direban ya leƙo yana tambayata da Larabci ko na haukace ne. Na nuna masa da hannu na ce jana'iza. Ya kashe mota ya sauko, ya tsaya kusa da ni yana taya ni tare na baya, wata bas da lori biyu. Muka tsaya har na ga mai sanda na ƙarshe ya hau tudun ƙetare. Har yau ina tambayar kaina me ya hana wannan dabara zuwa mini ranar Inna. A ranar dai ban iya tunanin komai ba in ba riƙe ta ba.

Daga gada zuwa maƙabarta da nisa ga mai shekaruna. Ko da na isa an yi salla, an rufe, ana yayyafa ruwa a kan ƙasa. Wani dattijo yana magana, da ƙarfi don in ji.

"Kun gani? Kore ce sa'ad da munka tsallaka, kuma ko mota guda babu. Allah shi ka buɗe wa bayinsa hanya."

Bashiru ya matso kusa da ni.

"Baffa, ina ka tsaya? Mun neme ka wurin salla."

Na ce masa ƙafa ce ta ƙi. Da na faɗi gaskiya a wurin, da ya zama ina jayayya da Yaya a kan kabarinsa.

Tun daga ranar, duk gawar da ta fita daga garinmu ina kan gada. Ko wani ya lura bai faɗa ba, abin da ake faɗa shi ne Hamidu kunya ta sa yana zuwa jana'iza a makare. Ranar uwarku ma can nake. Kai Muhammadu, na ga irin kallon da ka yi mini da na iso an riga an rufe ta, ƙura har gwiwata, rawani a hannu. Daga nan ba ka ƙara kwana a gidan nan ba sai da dalili. Ina sane da cewa kai ka ɗauki ƙafar gaba ta dama, na hango ka daga gada, na gane tafiyarka. A lokacin akwai lorin siminti tsaye a gabana.

Istob tana nan yadda take, turakunta suna kallon motoci. Ni kuwa bana ƙafa ta fara ƙi da gaske, jana'izar da aka yi ta ƙarshe da ƙyar na kai gadar kafin su fito. Ba na roƙonku mota, ku kai ni a kafaɗa kamar kowa, kuma kada ku tsaya da ni a hanya, kada a ƙara muku wani suna. Abu ɗaya nake roƙo. Ɗayanku ya fita tun ana yi mini wanka, ya bi gefen zalat har gadar tur'a, ya tsaya ta ɓangaren Madani, kafin kwana ba bayanta ba, don lori mai kaya yana bukatar fili kafin ya tsaya. Ya riƙe farin ƙyalle mai girma. Kada ya tashi sai ya ga tsoho na ƙarshe ya haye. Wanda ya je ba zai sami sallata ba, ba zai zuba mini ƙasa ba, kuma mutane za su yi magana a kansa. Ku shirya tsakaninku tun yanzu wanda zai je, kada ku bar shi sai ranar.